Dalmar Gam Ko Ta Bugawa: Wacce Ta Dace Da Rim Ɗin Mota?

Duk wanda ya sa wa motarsa sababbin tayoyi a 'yan shekarun nan, ko ya kai ta wurin masu alaimen da balansin saboda sitiyari yana rawa, yana iya cin karo da tambayar da a da ba a cika yi wa kowa ba: wace dalma za a sa, wato ɗan guntun ƙarfen da ake sawa a rim domin daidaita nauyin taya, mai gam ko ta bugawa? A zamanin da Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna ta cika titunan Arewa, amsar kusan ɗaya ce, domin rim ɗin na ƙarfe ne, kuma dalmar da ake bugawa a leɓensa ita ce a akwatin mai aiki. Yanzu motoci da yawa da ake shigowa da su daga Turai da Amurka suna zuwa da rim ɗin alminiyam, wanda aka fi sani da aloy, wani yana da leɓe wani ba shi da shi, sannan wasu daga cikin ƙasashen da ake sayo motocin sun sauya dokokinsu a kan irin ƙarfen da ake yin dalmar da shi. Shi ya sa mai mota yakan ji magana biyu masu karo da juna. Wani ya ce masa mai gam ba ta jure zafin ƙasar nan, wani kuma ya ce masa ta bugawa tana ɓata rim. Kowace magana tana da kamshin gaskiya, sai dai ba a kan kowane rim take tabbata ba, kuma ba a hannun kowane mai aiki ba.

Abin da balansin yake gyarawa

Da farko ya kamata a raba abu biyu da allon masu sana'ar yakan haɗa wuri ɗaya. Alaimen shi ne daidaita yadda tayoyi suke fuskantar titi, kuma shi ake nema idan mota tana ja gefe ɗaya ko taya tana cinyewa ta gefe guda. Balansin kuwa daidaita nauyi ne a kewayen taya da rim ɗinta, ta yadda babu ɓangaren da zai rinjayi ɗan'uwansa idan suna juyawa. Babu tayar da take fitowa daga masana'anta nauyinta ya rabu daidai wa daida. Roba takan fi kauri a wani wuri, rim yana da tasa tawayar, bawul yana da nauyinsa, a wasu motocin ma akwai na'urar auna iska haɗe da bawul ɗin, kuma duk facin da aka yi wa taya ƙarin nauyi ne a wuri guda. Dalmar balansin ita ce ɗan guntun ƙarfen da ake sawa a inda nauyi ya yi ƙaranci domin ya yi daidai da inda ya yi yawa.

Wanda ya riƙe dalma mai giram 30 a tafin hannunsa zai yi mamakin yadda abu mara nauyi haka zai girgiza mota. Amsar tana ga juyawa. Kamar dutse a cikin majajjawa, duk abin da yake juyawa yana jan waje, kuma ƙarfin jan yana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninku sau biyu. Taya mai lamba 205/55 R16, wadda ake gani a ƙananan motoci da yawa, kewayenta kusan mita 2 ne, saboda haka a gudun kilomita 100 a awa tana juyawa kusan sau 14 a kowace daƙiƙa. A wannan gudun, rarar giram 30 a bakin rim tana jan ƙafar mota da ƙarfin da ya kai kusan kilo 5, sama da ƙasa, sau 14 a daƙiƙa. A gudun kilomita 50 ƙarfin bai wuce kilo ɗaya da ɗoriya ba, abin da shokazoba da robar taya suke shanyewa ba tare da direba ya ji ba.

Wannan ne dalilin da ya sa mai motar da ba ya fita cikin gari zai iya daɗewa bai san tayarsa tana da matsala ba, sai ranar da ya hau hanyar Kano zuwa Kaduna. Dokar hanya ta Najeriya ta ba ƙananan motoci na gida damar gudun kilomita 50 a cikin gari, 80 a manyan hanyoyi, da 100 a tagwayen hanyoyi, kuma tsakanin 80 zuwa 110 ɗin nan ne saurin juyawar taya yake haɗuwa da saurin da ƙafar mota take tsalle da shi a ɗabi'arta, sai rawar ta ƙaru. Direba yakan lura cewa idan ya ƙara wuta rawar tana lafawa, ya ɗauka matsalar ta wuce, alhali ƙarfin da ke dukan boris da tayarod da bushin ƙaruwa ya yi.

Rashin daidaiton iri biyu ne, kuma fahimtar bambancinsu shi ne tushen zaɓen dalma. Na farko shi ne inda nauyi ya taru a wuri guda a kewayen taya, sai ta riƙa tsalle sama da ƙasa. Na biyu shi ne inda nauyi ya yi yawa a gefen waje ta wani ɓangare, ya kuma yi yawa a gefen ciki ta ɓangaren da ke fuskantarsa, sai tayar ta riƙa kaɗawa dama da hagu, kuma wannan kaɗawar ce ta fi fitowa a sitiyari idan tayar gaba ce. Dalma ɗaya a tsakiyar faɗin rim tana iya maganin na farko. Na biyu ba ya gyaruwa sai an sa nauyi a layi biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, shi ya sa na'urar balansin take nuna lamba biyu a allonta.

Yadda kowacce take kama rim

Dalmar bugawa tana da ƙugiyar ƙarfe mai tauri wadda take matse leɓen rim, a tsakanin rim da robar taya, kuma da guduma ta musamman ake buga ta. Amfaninta na farko shi ne wurin da take zama: can a bakin rim, nesa da tsakiya, kuma layin ciki da na waje suna da tazara mafi faɗi da rim ɗin zai iya bayarwa. Nisan nan yana ƙara mata tasiri, sai kaɗan ya wadatar. Ba ta buƙatar a wanke rim, ba ruwanta da ƙura ko maiƙo, kuma idan mai aiki ya kuskure wurin zai iya cire ta ya matsar. Sharaɗinta ɗaya ne, amma shi aka fi karyawa: siffar ƙugiyar dole ta dace da siffar leɓen. Leɓen rim ɗin ƙarfe siriri ne, na aloy ya fi kauri, kuma kamfanonin motoci ba su yi shi iri ɗaya ba. Masu ƙera dalma suna rarrabe ƙugiyoyin da haruffa, misali P ga rim ɗin ƙarfe na ƙananan motoci, FN kuma ga aloy na yawancin motocin Japan. Idan aka tilasta ƙugiyar rim ɗin ƙarfe a kan leɓen aloy, takan buɗe fiye da ƙima, ta kankare fenti, kuma ba ta zauna sosai ba. Idan aka yi akasin haka, takan yi sako-sako ta riƙa zamewa a kan leɓen har ta faɗi.

Dalma mai gam tana zuwa ne a jere, gunduwa-gunduwa, yawanci kowace gunduwa giram 5 ko 10, da tef mai danƙo a bayanta. Ana yanke adadin da na'ura ta nema, a ɓare takardar, a danna shi a cikin gangar rim inda ba a gani daga waje. Akwai abin da masu sukarta sukan manta: tun da a cikin ganga take, ƙarfin juyawa yana ƙara danna ta ne a jikin rim, ba ɓamɓare ta yake yi ba. Rauninta yana wajen liƙawa. Cikin rim wuri ne da ƙurar birki da maiƙo da laka da ragowar tsohon gam suke taruwa, kuma idan ba a goge wurin da abin da ke narkar da maiƙo ba, aka bari ya bushe sarai, to a kan datti gam ɗin ya kama, ba a kan ƙarfe ba. Irin wannan dalmar ce take faɗuwa bayan 'yan kwanaki, daga nan sai a ce ai mai gam ba ta da ƙarko.

Haka kuma tana zama ne kusa da tsakiya fiye da ta bugawa, kuma saboda layin waje a bayan yatsun rim yake, tazarar da ke tsakanin layin biyu takan ragu. Lissafin a fili yake: idan tazarar ta ragu da rabi, nauyin da ake buƙata domin maganin kaɗawar dama da hagu yakan ninku. Don haka mai mota da ya ga an jera masa gunduwoyi da yawa a cikin rim bai kamata ya yanke hukuncin cewa an yi masa aikin banza ba. Abin dubawa shi ne ko jerin ya bar isasshen fili tsakaninsa da kalifar birki, wato ƙarfen da yake matse faifan birki, domin a wasu motocin filin ƙanƙane ne, kuma dalma mai kauri tana iya gogar kalifa ta ɓalle tun a juyin farko.

Me ya sa mai gam ta yawaita

Babban dalili shi ne sauyin siffar rim. Masu ƙera motoci sun koma yin aloy mai sumul fuska, yatsunsa suna kaiwa har baki, babu leɓen waje da ƙugiya za ta kama. A kan irin wannan rim babu zaɓi ta gefen waje, sai mai gam. Ta gefen ciki kuwa, da yawa suna da leɓe har yanzu, shi ya sa ake ganin rim ɗaya ɗauke da iri biyu, ta bugawa a leɓen ciki da mai gam a bayan yatsu, kuma na'urorin balansin suna da tsari na musamman domin wannan haɗin. Ba kwaɓa ba ce, hanya ce da aka amince da ita, har ma takan rage adadin nauyin da ake buƙata.

Dalili na biyu shi ne lalacewar fenti. Aloy yana da rufin fenti da ke kare shi daga ruwa da iska. Ƙugiya tana yanka wannan rufin, kuma idan ƙarfe iri biyu suka haɗu da danshi a tsakaninsu, alminiyam yakan fara cinyewa, ya yi fari-fari yana kumbura a ƙarƙashin fentin. A ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara abin ya fi muni, kuma ana iya ganin tabonsa a bakin rim ɗin motocin da aka shigo da su daga can. Idan cinyewar ta kai inda robar taya take zama, taya tubles takan riƙa sace iska a hankali ba tare da ƙusa ta huda ta ba. A busasshen yanayi irin na Arewa wannan yana ɗaukar lokaci, amma damina da yawan wanke mota suna kawo danshin da ake buƙata. Saboda haka ne ake yi wa dalmar bugawa ta aloy rufi na musamman, kuma wadda ba ta da rufin ba ta dace da aloy ba.

Hujjar kowane ɓangare a kan hanyoyinmu

Masu fifita ta bugawa suna kafa hujja da zafi, ƙura da gargada. Gaskiya ne cewa gam mara inganci, ko wanda ya daɗe a ajiye a shago mai zafi har ya bushe, ba zai riƙe ba, musamman a tayoyin gaba inda birki yake ƙara zafi. Gaskiya ne kuma cewa lokacin hunturu ƙura takan sauka a kan wurin da aka goge kafin a kai ga liƙawa, kuma mai wankin mota da ya saita bututun ruwa mai ƙarfi a gefen sabuwar dalma zai iya ɗaga ta. Sai dai yawancin waɗannan matsaloli na ingancin kaya ne da kulawar mai aiki. Tef ɗin da aka yi domin wannan aiki an tsara shi ne ya zauna kusa da birki, kuma sanyi ya fi hana shi kamawa lokacin liƙawa fiye da zafi.

Masu fifita mai gam su kuma suna nuna cewa ta bugawa ce take a fili, inda gefen titi da bakin kwalbati da dutse suke samunta, kuma faɗawa rami da ƙarfi yana iya lanƙwasa leɓen rim ɗin ƙarfe ya saki ƙugiyar. Wannan ma gaskiya ne, sai dai ramin da ya lanƙwasa leɓe ya riga ya ɓata balansin ko da dalmar ba ta faɗi ba.

Idan aka auna hujjojin biyu, rim ne yake yanke hukunci kafin ra'ayin kowa. Ga rim ɗin ƙarfe, irin na motocin haya da a-kori-kura da bas-bas masu bin hanyoyin karkara, ta bugawa ta fi dacewa: ta fi sauri, yawanci ta fi araha, kuma laka ba ta dame ta ba. Ga aloy mara leɓe, mai gam ce kawai. Inda ake da zaɓi na gaske shi ne aloy mai leɓe, kuma a nan abin tambaya shi ne ko shagon yana da ƙugiyar da ta dace da wannan leɓen mai rufi. Idan yana da ita, babu laifi a buga. Idan iri ɗaya ce a akwatinsa yana buga wa kowace mota, mai gam da aka liƙa a kan wuri mai tsabta ta fi aminci.

Batun ƙarfen da ake yin ta da shi

An daɗe ana yin wannan kaya da dalma ta ainihi saboda tana da nauyi, tana da laushi, kuma tana da araha. Matsalarta guba ce. Wadda ta faɗi a titi tayoyi suna niƙe ta ta zama ƙura, ruwan sama ya kwashe ta zuwa kwata da rafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jikin mutum da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara ne suka fi shiga haɗari domin tana taɓa ƙwaƙwalwarsu. Mutanen Arewa sun ga iyakar wannan guba a 2010 a Zamfara, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ko da yake a can daga niƙan duwatsun zinariya ta fito, ba daga mota ba.

Tarayyar Turai, a ƙarƙashin dokarta ta shekarar 2000 kan motocin da suka gama aiki, ta hana amfani da dalma wajen balansin ƙananan motoci daga watan Yulin 2005. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi tata dokar da ta fara aiki a 2010, wasu jihohin ma suka yi haka. Abin da ya maye gurbinta shi ne baƙin ƙarfe da kuma tutiya, wato ƙarfen da ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa. Dukansu ba su kai dalma nauyi ba: dalma tana da giram 11.3 a kowace gunduwa mai tsawo da faɗi da kauri santimita ɗaya-ɗaya, baƙin ƙarfe kusan 7.8, tutiya kusan 7.1. Don haka giram 30 na tutiya ya fi giram 30 na dalma girma da fiye da rabi, wanda ya sa na zamani suke da tsawo, har wasu suke zaton na jabu ne. Wannan sauyi bai shafi zaɓi tsakanin gam da ƙugiya kai tsaye ba, domin ana yin kowanne da kowane ƙarfe. Ana gane su da alamar da aka buga a jiki, Fe ga baƙin ƙarfe, Zn ga tutiya, kuma maganaɗisu yana kama gangar jikin na baƙin ƙarfe, dalma ta ainihi kuwa farce ko wuƙa tana yi mata zane cikin sauƙi. Wanda gubar dalmar ta fi shafa shi ne mai aikin da yake yanka ta da filaya kullum, da yaran shago da suke cin abinci ba su wanke hannu ba, da kuma mai narka tsofaffi a kusa da gida.

Inda aikin yake lalacewa

Mafi yawan koken da ake ɗora wa nau'in dalma daga wani wuri yake fitowa. Na farko shi ne sake amfani da tsohuwa. Ƙugiyar da aka ɓamɓare ta riga ta buɗe, kuma matse ta da filaya ba ya mayar mata da ƙarfinta. Mai gam da aka cire kuma ba ta sake kamawa, kuma shafa mata gam ɗin kanti ba ya maye gurbin tef ɗinta. Na biyu shi ne barin tsofaffin dalma a jikin rim a ɗora sababbi a kansu, sai a ga rim ɗauke da nauyin da rabinsa yaƙar ɗaya rabin yake yi. Ƙa'ida ita ce a cire duka, a kankare busasshiyar laka daga cikin rim da tsakuwar da ta maƙale a zanen taya, sannan a ɗora a na'ura.

Na uku ya fi ɓoyuwa. Domin a faranta wa mai motar da ba ya son ganin dalma a fuskar rim, ko domin a rage wahala, wasu sukan saita na'ura a kan layi ɗaya, su liƙa dalma a tsakiya, allo ya nuna sifili. An yi maganin tsalle ke nan, an bar kaɗawa. Mai mota yana da damar ya tambaya ko layi biyu aka auna, ya kuma tsaya ya ga an sake juya tayar bayan an sa dalmar, lambobin biyu sun koma sifili. Ita kanta na'urar sai an faɗa mata faɗin rim da girmansa da kuma inda za a sa dalmar, domin lambar da ta bayar don bugawa a leɓe ba za ta yi daidai ba idan aka liƙa a cikin ganga. Zaman rim a kan na'urar ma yana da muhimmanci, kuma wasu rim na Peugeot da Citroën ba su da rami a tsakiya, sai da wani faranti na musamman da ke kama su ta ramukan noti, wanda ba kowane shago yake da shi ba.

Idan na'ura ta nemi nauyi mai yawa fiye da yadda aka saba, mai aikin da ya san hannunsa ba ya jera dalma kawai. Yakan sace iskar, ya juya tayar a kan rim zuwa ɗaya ɓangaren, ya sake aunawa, domin sau da yawa wurin da taya ta fi nauyi ne ya haɗu da wurin da rim ya fi nauyi. Ɗigon rawaya da ake gani a gefen wasu sababbin tayoyi yana nuna inda tayar ta fi rashin nauyi, kuma ana saita shi ne da bawul domin a rage dalmar da za a sa tun daga farko. Wannan ya shafi zuwa wurin mai faci ma. Duk lokacin da aka fitar da taya daga rim aka mayar ba a inda take ba, balansin ya tashi, ko da ba a taɓa dalma ko ɗaya ba. Sa alama da alli a gefen taya daidai bawul kafin a cire ta yana rage wannan, kuma ya kamata a duba ko ƙarfen cire taya ya kwashe wata dalmar bugawa daga leɓe.

Akwai kuma rawar da babu dalmar da za ta yi maganinta. Rim ɗin da rami ya lanƙwasa yana iya nuna sifili a na'ura amma ya ci gaba da tsalle a titi, domin ba zagayayye ba ne. Haka tayar da wayar cikinta ta rabu ta yi ƙulu, abin da aka fi samu a tsofaffin tayoyin da ake shigowa da su, kuma irin wannan taya cirewa take buƙata tun kafin ta fashe. Rawar da ba ta zuwa sai an taka birki yawanci daga faifan birki take, wadda kuma take zuwa tare da gunji ko ƙwanƙwasa tana nuni ga boris ko tayarod, kuma a nan aikin ya tashi daga hannun mai balansin ya koma na makaniki.